Taguwa, Tunkiya da Kantun Fachi: Tarihin Binciken Abincin Mai Ciki

Fachi gari ne da ba ya noma abin da yake ci. Yana tsakiyar Tenere, cikin jihar Agadas ta Nijar, a gindin dutsen Agram, rairayi ya kewaye shi gabas da yamma. Abu biyu Allah ya hore wa Barebari da Tubawan da ke zaune a cikinsa: dabino da gishiri. Gero kuwa sai an kawo shi daga kudu, kuma ɗaruruwan shekaru babu mai kawo shi sai raƙumi. Ga shi garin ba shi da makiyayar da za ta riƙe garke. Raƙuman da ke durƙusawa a bakin Fachi da kaka, a wasu wurare aka haife su: kwarurrukan Abzin, filayen Ingal, Adar ko Damargu. Don haka tuwon mutumin Fachi a ɗaure yake da abin da taguwar wani Buzu ta samu ta ci lokacin da take da ciki, shekara biyar ko shida kafin ɗanta ya isa ɗaukar kaya.

Ayarin gishiri

A watan Oktoba, bayan dabbobi sun ƙoshi da ciyawar damina, madugu ke sa a ɗaure kaya. Ban da gero da cuku da tufafin da za a yi musaya da su, kowane raƙumi na ɗauke da damman ciyawar da zai ci, domin daga gefen Abzin har Fachi babu kiwo. Ana sa wa raƙuma takunkumi kada su fizgi kayan na gabansu, ana kuma sauke wasu dammai a hanya a bar su saboda dawowa. Buzayen Kel Geres, waɗanda ke zaune wajajen Madawa da Ƙonni, sukan bi ta rijiyar Bishiyar Tenere su faɗo Fachi, wasu su zarce Bilma. Kel Ewey na Timiya ma tsofaffin hannu ne a wannan fatauci, kuma da ayarinsu Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya gangaro daga Abzin zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen 1850. Rahotannin Faransawa na 1906, shekarar da suka kafa sansani a Bilma, sun ambaci ayari mai raƙuma 20,000.

A Fachi, ana haƙa ramuka ne har a tarar da ruwan gishiri, a bar rana ta yi aikinta. Farin da ya fi tsabta shi ne beza, na miya. Sauran a daka shi, a kwaɓa da ƙasa mai gishiri, a cusa cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife shi a ƙasa ya bushe. Wannan shi ne kantu, mai nauyin kusan kilo 20, wanda makiyayi ke saya a kasuwannin Tasawa, Damagaram, Maraɗi da Kano domin dabbobinsa su lasa. Raƙumi ɗaya kan ɗauki huɗu zuwa shida.

Masu wannan ɗauka yawancinsu amale ne, maza ƙarfafa. Taguwa mai tsohon ciki ko mai shayarwa ba a jefa ta cikin Tenere. Ana barinta inda akwai kiwo. A ƙarshen damina kuma Buzaye da Fulani kan kora garkunansu zuwa filayen Ingal da Tegidda domin lasar gishiri, inda ciyawa ke da kyau, ruwa da ƙasa kuma ke da gishiri da kanwa. Makiyayi bai taɓa auna ɗan taguwa a sikeli ba, amma ya san shekarar da uwa ta sha wuya ɗa kan fito da raunin ƙafa, nono ya yi ƙaranci, ɓari ya yawaita.

Fachi ta ɗanɗana wannan sau da yawa. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An yi yaƙin Kawsan a 1916 zuwa 1917, inda Faransawa suka ƙwace raƙuman Abzin, suka watsa garkuna. An yi farin 1973, sannan na 1984, wanda Hausawan Nijar ke kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Masani Peter Fuchs, wanda ya rubuta littattafai biyu kan rayuwar Barebarin Fachi a 1983 da 1989, da Bajamushe Gerd Spittler, wanda ya zauna da Kel Ewey a farin 1984, duk sun bayyana yadda mutanen hamada suka dogara da wannan musaya ta gishiri da gero. Ruwa na iya dawowa cikin shekara ɗaya, garken raƙuma ba ya dawowa haka. Cikin taguwa wata 13 ne, ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara huɗu ko biyar, daga nan kuma ɗa ɗaya take bayarwa a shekara biyu. Ciki ɗaya da ya lalace asarar shekara biyu ce.

Doki, kuru da tumakin Kambirij

Abin da makiyaya suka gani da ido ya ɗauki masana ilmin dabbobi lokaci mai tsawo kafin su yarda da shi. Har farkon ƙarni na 20 yawancin likitocin Turai sun ɗauka ɗan tayi tamkar kaska yake a jikin uwa: zai tsotsi duk abin da yake bukata ko da uwar za ta rame ta ƙare. Girmansa kuwa, a ganinsu, gado ne daga uwa da uba, abinci ba ruwansa.

Wani babban tsagi a wannan imani daga gonar gwaji ta jihar Texas a Amurka ya fito. A 1933 Fred Hale ya ba da rahoton wata alade da aka hana abinci mai bitamin A tun kafin a yi mata barbara har farkon cikinta. Ta haifi 'ya'ya 11, babu mai ƙwayar ido ko ɗaya. Hale ya maimaita gwajin, ya kuma haɗa makafin da juna bayan an ba su abinci mai kyau, suka haifi masu gani. Ashe ba gado ba ne. Abu ɗaya ne ya yi ƙaranci a kwanakin da ido ke tsirowa.

A 1938 Arthur Walton da John Hammond na Jami'ar Kambirij a Ingila suka buga gwajin da har yau ake karantar da shi. Sun ɗauki dokin Shire, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, da kurun Shetland wanda tsayinsa bai wuce ƙugun mutum sosai ba. Da yake baye ba zai yiwu tsakaninsu ba, sai suka ɗura maniyyin da hannu, ta fuska biyu: babban ingarma da ƙaramar goɗiya, ƙaramin ingarma da babbar goɗiya. 'Ya'yan duka rabi da rabi ne a jini. Amma wanda ya kwanta a cikin babbar goɗiya ya fito da kusan ninki uku na nauyin wanda ya kwanta a cikin ƙarama, kuma ko da suka girma tazarar ba ta rufe gaba ɗaya ba. Cikin uwa ne ya yanke girman ɗa.

Hammond ya ci gaba da tunani a kan yadda jiki ke raba abinci in ya yi kaɗan. A cewarsa akwai layi: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne a gaba, sai ƙashi, sai tsoka, kitse a ƙarshe. Ɗalibinsa L. R. Wallace, mutumin Niyu Zilan, ya gwada abin a kan tumaki, ya buga sakamakon a 1948. Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa da haka. Wallace ya rage wa wasu abinci a farkon ciki, wasu a ƙarshe. Na farko ba su nuna wani babban bambanci a nauyin haihuwa ba. Waɗanda suka ji yunwa a makonnin ƙarshe kuwa sun haifi ƙananan 'ya'ya, musamman masu tagwaye, hantsarsu ba ta cika ba, nono ya yi ƙaranci. Da aka auna gaɓoɓin 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga hanta da tsoka sun tsuke ƙwarai, ƙwaƙwalwa da ƙashi kuwa kaɗan suka ragu. Dalilin a fili yake: kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin ɗan tunkiya a makonni shida na ƙarshe yake taruwa.

A wannan zamanin ne kuma Joseph Barcroft, shi ma a Kambirij, ke auna jinin 'yan tayin tumaki domin ya ga yadda iska da abinci ke ratsa mabiyiya. Littafinsa kan rayuwar cikin ciki ya fito a 1946. Daga aikinsa da na waɗanda suka biyo baya aka gane cewa mabiyiyar tunkiya tana gama yawancin girmanta ne tun kafin kwana 90, gabanin ɗan tayi ya fara hanzari. Duk wanda ya taɓa feɗe tunkiya mai ciki ya ga ƙululan nan da ke jere a jikin mahaifa. Ta nan ne jinin uwa ke miƙa wa ɗa abinci. In ƙululan suka tsumbure a tsakiyar ciki, dusar da za a zuba wa uwa a ƙarshe ba za ta wuce yadda ake so ba.

Yunwar Holan da littattafan ungozoma

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa mutane gwajin da babu masanin da zai yarda ya yi. Daga ƙarshen 1944 zuwa Mayun 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, rabon mutum ɗaya ya faɗi zuwa kalori 400 zuwa 800 a yini. Asibitoci ba su daina rubuta nauyin jarirai ba. Matan da yunwa ta sama a watanni uku na ƙarshe sun haifi jarirai da suka ragu da kusan giram 300, daidai da abin da Wallace ya gani a tumaki. Waɗanda ta sama a farkon ciki sun haifi jarirai masu cikakken nauyi, aka ɗauka sun tsira. Sai a 1976, da aka duba bayanan samari 300,000 da aka auna domin aikin soja, aka ga ƙiba ta fi yawa a cikin waɗanda yunwa ta sama iyayensu mata a farkon ciki. Da suka manyanta, ciwon zuciya ma ya fi kama su.

A Ingila, wata shugabar ungozomomi mai suna Ethel Margaret Burnside ta sa tun 1911 a riƙa auna kowane jariri da aka haifa a gundumar Hertfordshire, a sake auna shi in ya shekara, a rubuta a manyan littattafai. Likita David Barker na Jami'ar Southampton ya tono waɗannan littattafai, ya bi sawun maza 5,654 da aka haifa tsakanin 1911 da 1930. A 1989 ya ba da sakamako: waɗanda suka fi ƙanƙanta a jarirta su suka fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1992 shi da Nicholas Hales suka kawo bayani: ɗan tayin da ya ji yunwa yakan tsara jikinsa bisa tattali, ya kare ƙwaƙwalwa, ya rage wa ƙoda da tsoka da sashen da ke sarrafa suga. In ya fito ya tarar da wadata, jikin da aka gina domin ƙunci ya kasa ɗaukarta.

An yi wa Barker ca. Masu suka suka ce talauci ne kawai: wanda aka haifa a gidan rashi a nan yake girma, ba abin mamaki ba ne in ya yi ciwo. Da mutane ba a iya raba wannan gardama, sai aka koma ga dabbobi, inda ake iya riƙe komai daidai a canza abu ɗaya tak. A 1994 Simon Langley-Evans da Alan Jackson suka rage wa ɓeraye masu ciki furotin, abincin gina jiki. Bayan haihuwa aka ba kowa abinci iri ɗaya, amma 'ya'yan waɗanda aka rage wa suka tashi da hawan jini. Daga baya aka ƙirga matatun da ke cikin ƙodarsu aka ga ba su kai na sauran ba. A 2000 ɗakin gwajin Tom Fleming ya nuna cewa rage furotin na kwana huɗu kacal bayan barbara, tun ƙwan bai manne a mahaifa ba, ya isa ya bar tabo. A 2003 Frank Bloomfield da abokan aikinsa a Niyu Zilan suka rage wa tumaki abinci daga kwana 60 kafin barbara zuwa kwana 30 bayanta, sannan suka ciyar da su sosai har ƙarshe. Duk da haka kusan rabinsu bakwaini suka haifa.

A wannan shekara ta 2003 Robert Waterland da Randy Jirtle na Jami'ar Duke a Amurka suka nuna ɗaya daga cikin hanyoyin da abin ke bi. Suna da wasu ɓeraye masu jini ɗaya da kan fito rawaya, masu ƙiba da saurin kamuwa da ciwon suga. Da suka ƙara wa iyayen folik asid, bitamin B12, kolin da betain kafin ciki da lokacinsa, sai 'ya'ya da yawa suka fito da gashi mai duhu. Ƙwayar gadon tana nan yadda take. Abincin uwa ne ya sa aka ɗora mata wata alama da ta hana ta aiki. A 2008 aka gano irin wannan bambancin alama a jinin mutanen Holan da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwa, bayan shekara 60.

Abin da ya shafi makiyayin Sahel

Sassa huɗu na wannan tarihi sun taɓa ƙasarmu kai tsaye. Na farko zafi. Masana a Ostireliya, irin su George Alexander, sun nuna tun shekarun 1970 cewa tunkiyar da ta sha tsananin zafi a tsakiyar ciki mabiyiyarta kan tsumbure, ta haifi ƙaramin ɗa ko da tana cin abinci. A wurinmu bazara ce ke haɗa zafi da ƙarewar kiwo a lokaci guda, saboda haka inuwa da ruwa ma ciyarwa ce. Busasshiyar ciyawar rani kuma ba ta da abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, shi ya sa dundumi ke kama dabba da mutum a ƙarshen rani, kuma ɗanyen ganyen gawo ke da daraja a lokacin.

Na biyu ƙuruciyar uwa. A Cibiyar Rowett da ke Aberdeen a Sikotilan, Jacqueline Wallace ta gano a 1996 abin da ba a zata ba: 'yar tunkiyar da ta ɗauki ciki tun ba ta gama girma ba, in aka cika ta da abinci, jikinta ne ke kwashewa ya yi ƙiba, mabiyiya ta tsuke, ɗa ya fito ƙarami. Uwa mai girma da ɗan da ke cikinta takara suke yi. Likitoci na karanta wannan sakamako da tunanin 'yan matan da ke ɗaukar ciki suna tsakiyar tasowa, abin da ya yawaita a Nijar da arewacin Najeriya.

Na uku gishiri. Tun 1917 aka gane a jihar Montana ta Amurka cewa 'yan aladen da ake haifa babu gashi, da kumburarren maƙogwaro, rashin aidin ne a abincin uwa ya jawo. Basil Hetzel da abokan aikinsa sun nuna a 1971, a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, cewa allurar man aidin tana hana haihuwar yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa in an yi wa mace ita kafin ta ɗauki ciki. Daga nan suka koma birnin Adelaide suka gwada a kan tumaki, suka ga ƙwaƙwalwar ɗan tayin da aka hana uwarsa aidin ba ta kai nauyi ba, gashinsa bai tsiro ba. Wannan aiki na cikin abin da ya sa ƙasashe, har da Nijar da Najeriya, suka wajabta sa aidin a gishirin ci a shekarun 1990. Kantu da beza daga rami suke zuwa kasuwa, ba sa bi ta masana'antar da ke ƙara aidin. Kantu na ba dabba gishirin da ciyawa ba ta da shi, yana buɗe mata ciki ta ci ta sha, amma ba ya maganin maƙoƙo.

Na huɗu raƙumin kansa. Mabiyiyar taguwa irin ta goɗiya ce, shimfiɗaɗɗiya a dukan bangon mahaifa, ba mai ƙululai ba. Kusan kowane ciki a ɓangaren hagu na mahaifa yake zama, tagwaye kuma da wuya su kai haihuwa, domin filin bai ishi biyu ba. A 2002 W. R. Allen ya sabunta gwajin Hammond ta hanyar dasa ƙwan babban doki a cikin kuru da na kuru a cikin babbar goɗiya, ya nuna cewa faɗin wurin da mabiyiya ta haɗu da mahaifa shi ke yanke nauyin ɗa. A Dubai kuma, a Janairun 1998, Lulu Skidmore ta samu ɗa daga maniyyin raƙumi da wata ƙaramar 'yar uwarsa ta Kudancin Amurka da ake kira gwanako. An sa masa suna Rama. Ɗan taguwa kan fito da kilo 30 zuwa 40. Rama ko rubu'in haka bai kai ba.

A Afirka ta Yamma, wurin da aka fi bin wannan zance a kan mutane shi ne ƙauyen Keneba a Gambiya, inda damina ce lokacin yunwa kamar yadda take a ƙasar Hausa: rumbu ya ƙare, mace mai ciki na duƙe a gona. A 1997 Sana Ceesay da Andrew Prentice suka ba da rahoton gwajin da aka ba mata biskit na gyaɗa, garin shinkafa, suga da mai daga tsakiyar ciki. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a tsawon shekara, da giram 201 a lokacin yunwa, haihuwar gawa da mutuwar makon farko suka ragu. A 2014 aka nuna a yankin cewa alamomin da ke kan ƙwayoyin gadon yaro sun bambanta gwargwadon lokacin da aka ɗauki cikinsa, damina ko rani.

Duk wannan ya taru a kan magana ɗaya: yawan abinci kaɗai ba ya isa, sai an dubi lokacin da aka bayar. Makiyayin da ya samu buhun dusa ko angurya ɗaya daga bankin abincin dabbobi a bazara, bai kamata ya watsa wa garke duka ba. Mai tsohon ciki ce farko, sai wadda ake shirin yi wa barbara, harawa da ƙuli-ƙuli su bi bayan dusa, ƙaramar da ba ta gama girma ba kuma a raba ta da rago ko bunsuru. A cikin gida ma haka: ba daidai ba ne mai ciki ta zama ta ƙarshe a akushi, kuma gyaran abincinta tun kafin ciki ya kamata ya fara.

Yawancin wannan ilmi daga tumakin Ingila da Ostireliya da ɓerayen ɗakin gwaji aka samo shi. Muna da tashar Tukunus da ke kula da shanun Azawak, da cibiyar jar akuya ta Maraɗi, da ta Shika a Zariya, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 a bakin hanyar ayari. Aikin da ke gabansu bai fi ƙarfinsu ba. Ethel Burnside da keke take yawo, ungozomominta kuma sikeli da littafi kawai suke riƙe da su. In aka sa malaman dabbobi a Ingal, Timiya da Abalak su riƙa rubuta nauyin ɗan taguwa da ɗan akuya ranar haihuwa, da watan da aka haife shi, da halin kiwon shekarar, sannan a bi su a ga wanda ya rayu, wadda ta yi nono da wanda ya iya ɗaukar kaya, cikin shekara goma za mu samu lissafin da ya dace da dabbobinmu da damunarmu, mu san watan da buhun dusa ya fi amfani.